Neman Likitan da Zai Raba Liman da Jaka

Ku da kuke zuwa kuna cewa in koya muku rakiyar marasa lafiya, na san abin da kuka hango. Kun ga Garba na Morai a gidan gaba na mota, yau Sakkwato, gobe Zariya, ana kiran sa Baba a tasha, ana miƙo masa ruwan sanyi. Ɗaya daga cikinku har ce mini ya yi ai aikin bai wuce riƙe kati da bin layi ba. To madalla. Ku gyara zama. Ni dai gwiwoyina sun daina son tsayuwa, kuma ba inda za ni yau.

Ga kayan aikin nan cikin jakar buhu, babu abin burgewa. Tabarmar roba, buta, bokiti mai murfi, sabulu, ledoji, da zannuwa masu duhu. Farin zani ba ya shiga jakata, don in mara lafiya ya ga jininsa a farin zani, ƙarfinsa ya ƙare tun ba a kai Tureta ba. Sauran kayan ba a jaka suke ba. Ƙafa ce, da kunne, da fuskar da za ta maimaita tambaya har ma'aikaci ya gaji ya ba da amsa.

A hannun Baba Ango na Jangebe na koya, Allah ya jiƙansa. Tsohon leburan asibiti ne, ya tura gadon marasa lafiya har bayansa ya lanƙwashe. Da ya bar aiki sai mutanen ƙauye suka riƙa bin sa gida ya kai su wurin likita, tunda ya san ƙofofi. Na daɗe ina bin sa ba abin da nake yi sai ɗaukar tabarma da wanke bokiti, kuma ya hana ni buɗe baki gaban likita. Ran da ya ga na fara ƙosawa ya ce mini, "Garba, mutanenmu in likita yat tambaye su jiki, 'da sauƙi' za su ce, ko da rai na hita. Abin da kunya tah hana su hwaɗi, shi na aikinka. In ba ka iya saurare ba, mi za ka hwaɗi?"

Wata tsohuwa daga Maradun mai maƙoƙo ita ce ta farko da na kai ni kaɗai. An sa mata ranar tiyata, an ce kada ta ci kada ta sha. Na je karɓo magani, kafin in dawo 'ya'yanta sun dama mata fura sun ba ta a bayan labule, wai ba za su bari a shiga da uwarsu da yunwa ba. Aka ɗaga aikin, muka koma ƙarshen layi, muka ƙara kwanaki a barandar asibiti sauro na cin mu. Ba mugunta ce ta sa su ba, ƙauna ce. Tun daga nan na gane rabin aikina tsare mara lafiya ne daga masu son sa.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Malam Usmanu, limamin wani masallacin unguwa a Birnin Tudu. Shi ne ya cinye mini ƙafafu.

Ban san shi ba sa'ad da aka yi masa tiyatar farko. Abin da aka gaya mini, ya yi shekaru yana gudawa da jini, ana cewa basir ne, ana ba shi jiƙo, shi kuma yana rufa wa kansa asiri. Sai da ciki ya kumbura ya faɗi aka kwashe shi zuwa babban asibiti. Likitoci suka buɗe suka tarar babban hanjinsa duk ya zama gyambo. Suka cire shi gaba ɗaya har ƙarshensa, suka ɗinke hanyar bayan gida, suka fito da bakin ƙaramin hanji ta gefen cibiya. A nan ake manna jaka, abin da ciki ya fitar ya zuba a ciki, ba tare da mutum ya iya riƙewa ba. Malam ya tashi, ya yi ƙiba ma. Amma tun ranar bai sake ja wa mutane salla ba. Na'ibinsa, Malam Sani, shi ke riƙe da masallacin, kowa yana cewa kafin Liman ya warware.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda kuka sani, da hanyoyi suka lalace, aka rufe kasuwanni, waya ta ɗauke. Ni a shekarar na ga abin da ban taɓa gani ba. Masu naƙuda a kan babur, masu ciwon suga ba allura, direbobi sun ƙi fita sai rana ta take. Jakunkunan Malam daga Sakkwato wani direba ke kawo su, sai suka daina zuwa. Malam ya wanke waɗanda ke hannunsa ya sake mannawa har gam ɗinsu ya mutu. Daga nan ya koma ledar shago da filasta. Abin da ke fita daga ƙaramin hanji kuwa ba ya raga wa fata. Ya cinye masa fatar ciki kamar an watsa tafasasshen ruwa.

Da hanya ta ɗan buɗe, yayansa Alhaji Bello ya zo Morai ya same ni. Manomin shinkafa ne, babban mutum mai ƙatuwar murya, shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsu. Ya ɗauke ni a babur har Birnin Tudu. Na tarar da Malam a zaure kan buzu, littattafai a gefensa, ya zauna a karkace don kada riga ta taɓa cikin.

"Allah gahwarta Malam, ina wuni?"

"Lahiya lau, Malam Garba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina iyali?"

"Lahiya lau. Yaya mutanen Morai? Yaya hanya?"

"Hanya sai godiya. Yaya ƙarhin jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi.

Na bar shi ban matsa masa ba, kamar yadda aka koya mini. Sai da Alhaji Bello ya fita ɗebo ruwa sannan Malam ya ɗaga rigar ya nuna mini, ya mayar.

Ya ce, "Ba zahin na ka damuna ba. Alwalata ta inganta gare ni, wanga na sani, mai larura ni ke. Amma in tsaya gaban masu lahiya in ja su, alhali abu na hita gare ni ba da ikona ba, malamanmu sun ƙi shi. Ni da bakina nik karantar da hakanan. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce min akwai aikin da a ka yi, a raba mutum da jaka. In akwai mai yin shi ƙasag ga, ka kai ni gare shi. So ni kai in koma gaban sahu kahin in mutu."

A lokacin ban taɓa jin aikin ba, sai daga baya na fahimce shi. Ana ɗaukar wani yanki na ƙaramin hanjin mutum a ɗinka shi ya zama aljihu a cikin ciki, a yi masa ɗan murfi da naman hanjin, mai rufe kansa. Komai ya taru a ciki, ba ya fita sai mutum ya ga dama. In lokaci ya yi ya shiga banɗaki ya zura siririn bututun roba ya zubar, ya manna ɗan filasta a bakin, shi ke nan. Babu jaka. Mutum ya yi alwala ta zauna masa kamar ta kowa. Na ce wa Malam ban san mai yi ba, amma zan nema. Da na san tsawon neman, da na sha ruwa tukuna kafin in amsa.

Mun fara da asibitin da aka yi masa aikin farko. Likitan da ya yi masa ya bar ƙasar, kamar da yawa cikinsu. Wanda muka samu yaro ne mai kirki, ya sa aka gyara fatar, ya samo mana jakunkuna. Da na yi masa maganar aikin raba mutum da jaka sai ya ce ya karanta a littafi, amma bai taɓa ganin an yi ba, balle ya yi. Na gode masa ƙwarai. Likitan da zai ce maka bai iya ba ya rage maka hanya. Ya tura mu gaba, na gaban ya tura mu gaba. Wani wuri muka tarar ana yajin aiki, muka juyo daga bakin ƙofa. Wani wuri muka wuni a benci, da layi ya zo kanmu aka ce mai ganin irin wannan sai wani watan.

Tafiya da mai jaka ba irin tafiyar da kuka sani ba ce. Malam ba ya cin komai tun jajibiri don kada jakar ta cika a mota. Duk da haka takan cika, ko zafi ya sa gam ya saki, in roƙi direba ya tsaya, fasinjoji na tsaki, mu shiga bayan wata bishiya in riƙe masa zani ya gyara. Kujerar gefen taga nake nema masa, jakar ta ɓangaren ƙofa, don kada gwiwar hannun wani ta danne ta. In salla ta same mu a hanya kuwa, mu biyu rak, sai ya ja baya ya ce in shiga gaba. Ni da karatuna bai wuce ƙananan surori ba, ni ke ja wa mutumin da ya haddace Alƙur'ani salla a gefen titi. In mun sallame sai ya ce, "Malam Garba, wurin nan ja a ka yi, ba a tsinke shi." Ya gyara mini karatun a hankali. Ban taɓa sabawa da abin ba, kullum sai na ji nauyi.

A wani asibitin kuɗi muka samu wanda ya ce zai yi. Ban gama bayani ba ya ce ƙaramin abu ne, a kawo Malam jibi. Fuskar Malam ta washe, ni kuwa ban gamsu ba, don amsar ta zo da sauri. Na bar shi a mota na zaga baya inda ake wanke kayan tiyata. Ku riƙe wannan, in kuna neman mai yin wani aiki, allon ƙofa ba zai gaya muku komai ba. Ku nemi masu wanke almakashi da masu ba da allurar barci, su ke tsaye a ɗakin kullum. Na gaishe da matar da na tarar, muka taɓa hira, na tambaye ta ko ta taɓa ganin an yi irin wannan a nan. Ta dube ni ta ci gaba da wankinta, na gane ba ta taɓa gani ba. Na koma mota na ce wa Malam mu tafi. Ranar bai yi mini magana ba har muka iso Mafara, kuma ban ga laifinsa ba.

Damina ta zo ta wuce muna abu ɗaya. Na gaji, ba na ɓoye muku. Akwai ranar da na tsaya a tashar Mafara na ji kamar in aika wa Malam cewa babu mai yi, kowa ya huta. Amma sai in tuna mutumin nan a bayana yana bin sallata, in sake ɗaukar jaka.

Wata dattijuwa mai ba da allurar barci a Zariya ce ta buɗe mana ƙofa. Ta ce ta taɓa aiki da wani likita da ya koyo aikin a ƙasar waje, ta ga ya yi da idonta, amma ya tsufa ya koma garinsu, Ibadan. Daga wannan waya zuwa waccan na samu wanda ya san inda yake zama. Wannan karon Alhaji Bello ya bar gonarsa ya ce da shi za a je.

Likitan tsoho ne siriri, Bayarabe, amma a Gusau ya yi ƙuruciya, Hausa a bakinsa tas. Bai yi saurin cewa komai ba. Ya ce ya yi aikin, ba da yawa ba, wasu sun yi kyau, wasu sai da aka sake buɗewa. Ya sa aka kira mana wani ɗan kasuwa da ya yi wa. Mutumin ya ɗaga riga, ba komai a cikinsa sai ɗan filasta kamar na wanda ya yi ƙurji. Malam ya daɗe yana kallon filastan nan. Ya tambaye shi ko yana ruku'u da sujada ba abin da ke fita. Mutumin ba musulmi ba ne, amma ya gane tambayar, ya sunkuya ya taɓa ƙasa ya miƙe yana dariya. Kafin in hana shi, Alhaji Bello ya fita waje ya buga waya gida da ƙatuwar muryarsa, an samu likita, a gaya wa mutanen masallaci.

Aka shiga gwaje-gwaje. Aka zura ƙaramar kyamara ta bakin hanjin, aka ɗebi ɗan nama, muka zauna jiran sakamako a ɗakin da muka kama a Sabo, unguwar Hausawa. Ran da ya kira mu, likita ya zaunar da mu uku ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce cutar gyambon hanji iri biyu ce masu kama da juna. Ɗaya a babban hanji kawai take zama, in an cire shi ta tafi ke nan, mai irinta ana yi masa aljihu lafiya. Ɗayar kuwa yawo take yi, tana iya ɓulla ko'ina a hanji. In aka ɗinka wa mai irinta aljihu ta kama shi, sai ya ɓule, a cire shi a zubar, mutum ya yi asarar hanji mai tsawo, alhali da ɗan abin da ya rage masa yake rayuwa. Ya ce ya ga 'yan ƙananan gyambuna kusa da bakin hanjin Malam. Mai yiwuwa wahalar leda da filasta ce ta jawo su, mai yiwuwa kuma mai yawon ce. Naman da ya ɗiba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Abin da zai raba gardama," in ji shi, "shi ne babban hanjin da aka cire. Ai an kai shi ɗakin gwaji an duba. Me suka ce?"

Na dubi Malam, Malam ya dubi yayansa. Ni ban taɓa jin an ambaci wani gwaji ba, na ɗauka sakamakon yana can asibitin farko cikin abubuwan da ba a iya gano mana ba.

Alhaji Bello ya gyara zama. Ya ce, "Likita, ba a kai shi ba. Ni anka ba shi cikin bokiti, da wani ruwa mai yaji ga ido. Anka ce in kai wani gini a duba. Nit tambayi wani nan bakin ƙohwa, in an duba mi a ka yi da shi? Yac ce yayyanka shi a kai, saura a ƙone. Nic ce naman ƙanena, mahaddacin Alƙur'ani, ba a ƙone shi ina raye. Shi yana kwance bai san inda kanshi ya ke ba. Nid ɗauko shi nik kawo gida, munka wanke, munka naɗe ga hwarin ƙyalle, munka rufe shi maƙabarta kusa ga babanmu."

Ya faɗe shi ne kai tsaye, irin yadda mutum ke faɗin abin kirkin da ya yi. Sai da ya ga likita ya cire tabarau ya ajiye a tebur, sannan muryarsa ta sauka.

"Ko ban yi daidai ba?"

Malam ne ya amsa masa. "Daidai kay yi, Yaya. Da nif farka ka hwaɗa min, nis sa maka albarka. Ni ka hwaɗa ma mutane duk abin da yar rabu da jikin ɗan Adam a rufe shi da mutunci. Karatuna kab bi."

Likita ya ce ba su kaɗai ba ne, ya sha gani, kuma da wani ya zauna ya yi wa Alhaji bayanin amfanin gwajin da ba a kai nan ba. Amma maganar ba ta shiga kunnen Alhaji Bello ba. Ya matso bakin kujera.

"Likita, na san wurin. Na sa dutse. In munka tono shi hwa?"

Ku da kuka tashi a nan kun san abin da ake nufi da mutumin Birnin Tudu, dattijo, alhaji, ya ce zai kai fartanya maƙabarta kusa da kabarin ubansa. Likita ya girgiza kai a hankali ya ce shekaru sun wuce, ƙasa ta riga ta karɓa, ba abin da za a gani.

Malam ya ce to a yi aikin haka nan, ya yarda, zai sa hannu, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Ya roƙi tsohon nan roƙon da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Likita ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam, hanjin da ya rage maka da shi kake ci da shi kake sha. Da ban ga gyambunan nan ba, da na yi tunani. Da na san abin da babban hanjin ya ce, da na yi tunani. Amma ga gyambo, ga rashin sani. Ba zan yanka ka a kan zato ba." Ya rubuta magani, ya nuna mana wata irin jaka mai riƙe fata da kyau, ya ce a riƙa duba shi. Malam ya tambaye shi in gyambunan sun warke zai yi? Ya ce ba zai yi masa alkawarin da bai da tabbas ba, kuma shi kansa hannunsa ya fara rawa, bai san ko zai ƙara shekara yana shiga tiyata ba.

Raina ya ɓaci, amma ban samu wanda zan ɗora wa ba. Likitan gaskiya ya faɗa. Tun daga wannan tafiyar, duk wanda na raka aka cire masa wani abu, ko ɗan tsiro ne, ni ke ɗaukar bokitin da hannuna in kai ɗakin gwaji. Kafin a shiga da mara lafiya nake zaunar da dangi in gaya musu amfaninsa, in kuma roƙi masu gwajin in sun gama su ba mu abin da ya rage mu rufe. Wasu kan bayar, wasu ba sa bayarwa. Wannan ma cikin aikin ne, wanda kuka ce bai wuce bin layi ba.

Hanyar dawowa ta yi tsawo. Alhaji Bello, mutumin da in yana magana a gona ana jin sa a gonar maƙwabci, bai ce uffan ba daga Ibadan har Mafara. Abinci ma sai da Malam ya matsa masa. Bai kuma sake buga waya gida ba, ni ma ban tuna ba, gajiya ta rufe mini kai.

Mun shiga Birnin Tudu ana kiran la'asar. Labarin da mutane suka sani shi ne na wayar farko, an samu likita. Unguwa ta fito. Tsofaffi suna riƙe hannun Malam suna barka da arziki, mata suna leƙe ta kan katanga, wani har ya yanka kaji. Malam yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, bai gaya wa kowa sakamakon ba. Ya shiga gida ya gyara jikinsa, ya yi alwala ya fito, muka nufi masallaci.

Da aka tayar da iƙama, Malam Sani na'ibi ya ja baya daga wurin liman, fuskarsa cike da murna, ya miƙa hannu yana nuna wa Malam gaba. Sahu ya buɗe masa hanya. Malam ya taka har gaban, na ɗauka ya manta kansa ne. Sai ya kama hannun Malam Sani ya tsayar da shi a kan dardumar, ya juyo ya fuskanci mutane.

"Jama'a, likita mun same shi, amma aiki bai yiwu ba, kuma ba shi yiwuwa. Na daɗe ina sa ku jira. Malam Sani, daga yau ba riƙo ka kai ba. Masallaci naka na. Ja mu."

Malam Sani ya buɗe baki zai yi magana, Malam ya dafa kafaɗarsa ya juya shi ya fuskanci alƙibla, shi kuma ya dawo sahun farko ya tsaya kusa da ni. Sai ya waiga. Alhaji Bello yana can baya wajen takalma, bai shigo ba, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Malam ya matsa ya bar gurbi tsakanina da shi.

"Yaya," ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji, "taho ka cika sahu. Kai mu ka jira."

Sai da Alhaji Bello ya ratso mutane ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ƙanensa, sannan Malam Sani ya yi kabbara.